Ƙwayar da nake zubawa a rubutun ɗana

Assalamu alaikum, Edita da masu karatun wannan shafi. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin na riga kowa yanke wa kaina.

Ranar Lahadin da ta wuce, da hantsi, muna zaune a zauren gidana a Illela, ni da ɗana da wani dattijo ubangidan masu haƙar rijiya, ɗana ya shaida mini cewa ya karɓi aiki. Zai bi ayarinsu zuwa ƙauyukan Garu da Lafani, su yi rani can suna haƙa. Dattijon ya ce, "Yaron ga shina da ƙarhi, Malam. Tunda Allah ya ba shi lahiya, ƙasan rijiya zan sa shi, shi riƙa cika muna kwando." Na yi murmushi, na ce Allah ya sa albarka. Ɗana bai warke ba. Ni na sani, sai mahaifiyarsa.

Shekararsa ashirin da bakwai, ɗan fari ne, don haka ko a gida ba na kama sunansa, kuma doguwar hira ba ta shiga tsakaninmu. Farfaɗiya ta same shi yana saurayi. Saboda shi na bar aikin fassarar labarai a gidan rediyo a Kaduna na dawo gida, a shekarar da aka sami 'yancin kai. Na tarar ya taɓa faɗawa kan murhu, hannunsa na hagu ya ƙone. Na tarar an ware masa akushi, domin mutane sun ɗauka yawunsa na sa ciwon. In ya faɗi a kasuwa sai a ja da baya a yi da'ira ana kallo. Na kai shi asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya, malamin asibiti ya ba da wata farar ƙwaya, a sha ɗaya kullum da yamma. Ciwon ya lafa. Amma ƙwayar tana sa shi barci, abokansa suka laƙaba masa "Sarkin Gyangyaɗi". Ran da ya tambayi malamin asibiti yaushe zai daina sha, aka ce masa watakila har ƙarshen rai, ya dawo gida ya watsa ƙwayoyin a kwata. Ya dafa Alƙur'ani a gabana ya ce, "Baba, duk wanda ya sake ba ni abin ga, ko kai ne, na bar mishi gidanai har abada." Bai yi wata guda ba ya faɗi a bakin masallaci.

Shi da kansa ya nemi a riƙa yi masa rubutu wurin Malam, aminin mahaifina, mai makarantar allo a unguwarmu. Na ce ni zan riƙa karɓowa bayan magariba. A hanya, a bayan dangar maƙwabcina, nake murƙushe ƙwayar da nake karɓowa asibiti a ɓoye, in kaɗa ta cikin ƙoƙon rubutun. Baƙin tawada yana ɓoye ta. Ranar farko ya yamutse fuska ya ce, "Mi Malam ya sa ciki? Shina da ɗaci." Na ce, "Sha, kai dai. Ka taɓa jin magani da zaƙi?" Ya shanye, ya shafa sauran a fuska. Barcin da ke damunsa kuwa, ya ce alamar aya tana aiki ce.

Damina biyu ke nan bai faɗi ba. Yanzu yana sa hannu a akushi ɗaya da samarin unguwa. Yana tsayawa sahun gaba. Na ga ya yi dariya har da riƙe ciki, abin da ban gani ba tun yana yaro. Wane uba ne zai ga haka ya buɗe baki? Amma wane irin uba ne zai tsaya a bayan danga kullum, ya sa ƙarya cikin ayoyin Allah, ya miƙa wa ɗansa da hannun dama? Ban raina rubutu ba, ni ma ina sha. Abin da na yi dai ha'inci ne, ga ɗana da kuma ga Malam, wanda ke riƙe hannuna yana cewa, "Ka gani ko, ɗana? Asibiti sun kasa, aya ba ta kasawa."

Akwai abin da ya fi wannan ba ni kunya. A watan jiya na so in tabbatar ko ya warke da gaske, sai na kai masa rubutun zalla na 'yan kwanaki, ban gaya wa kowa ba. Wata safiya yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, idonsa ya kafe, leɓensa na rawa. Can ya farfaɗo, ya ɗauki butar ya ci gaba, bai san an yi ba. Mahaifiyarsa tana bakin madafa, ta dube ni ta ce, "Malam, ɗana kaka yi ma gwaji?" A ranar na ci gaba da zuba ƙwayar. Da na koma wurin malamin asibiti ya yi mini faɗa ƙwarai. Ya ce wanda jikinsa ya saba da ƙwayar nan, in aka yanke masa ita farat ɗaya, ciwon na iya dawowa a jere, wani bisa wani.

Yanzu Malam ya ce rubutu ya cika, laya zai ɗaura masa ta tafiya. Ke nan babu sauran ƙoƙon da zan kai. Ɗana zai sauka ƙasan rijiya mai zurfin gaba goma ko fiye, shi kaɗai, inda ruwa ya fara tsattsafowa. In ya faɗi a can, wa zai juya shi? Kafin a zura mutum ai an gama. Jiya na ce masa ya bari sai baɗi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kai da bakinka ka ce ma mutane na warke. Ko kau har yanzu kallon majinyaci kaka yi min?" Na ce a'a.

In na faɗa masa gaskiya, rantsuwarsa ta hau kansa, na san halinsa, zai bar gida ba ƙwaya ba rubutu, ga iyaka nan kusa, in ya ƙetara Kwanni ban san inda zan neme shi ba. In na gaya wa dattijon a asirce, za a sallame shi, gari ya ji, a sake ware masa akushi. In na yi shiru, ni na zura shi ramin. Na yi tunanin in durƙusa gaban Malam in faɗa masa komai, ko ɗana zai ji maganarsa, amma da wane ido zan dube shi? Malamai masu karatun wannan shafi, akwai kaffarar da ke warware irin wannan rantsuwa? Likitoci, akwai wata ƙwayar da ba ta sa barci?

Jama'a, me zan yi?

Ayarin zai tashi bayan sallar Juma'a. Yau da safe ɗana ya shiga kasuwa ya sayo igiyarsa.