Hannun Hagun Hafsatu

Zuwa ga Alhaji, mamallakin makarantar nazare da firamare ta layinmu, Yalwawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Alhaji yana lafiya, makaranta kuma tana ta bunƙasa, kamar yadda sabon fentin ƙofarta yake shaida wa duk mai wucewa.

Tun bayan Babbar Sallar bara nake haɗiye wannan magana. Sau biyu na zo ofishinka, aka ce ka fita duba sabon gini. Shi ya sa na rubuto a fili, ko wani zai karanta maka.

Ni tsohon malami ne, na yi kwalejin horon malamai a zamanin da ake iya faɗuwa jarrabawa. Jikata Hafsatu, 'yar shekara huɗu, wadda nake tsokana da amaryata, tana ajinku na ƙanana.

Na ɗaya, ina yaba maka bisa hikimar rabon malamai. Masu takardar shaidar malanta ka tura su manyan azuzuwa, inda iyaye ke duba sakamako. Ajin ƙanana kuwa ka damƙa shi ga ƙanwar maiɗakinka, wadda ake kira Anti, kafin sakamakonta na sakandare ya fito. Na bincika cancantarta, na samu tana da murya, tana da tsumagiya, gidanku kuma ba nisa. A makarantar da na yi, malamin da ya fi kowa ƙwarewa shi ake ba aji ɗaya. Ashe duk wauta muke yi. Manoman Ringim ma har yau suna cikin wannan duhu, don ba sa barin ɗan koyo ya kula da gadon irin tumatir.

Na biyu, Hafsatu bahaguwa ce. Da dama take cin abinci, mun koya mata, amma da hagu take zane. Kafin ta zo muku ta cika bangon zaurena da awaki na gawayi, har da wani mai gemu da ta ce ni ne. Anti ta ga fensir a hannun hagu, ta yanke hukuncin cewa rashin tarbiyya ne. Ta fara da tsumagiya a kan yatsu. Da hannun ya ƙi tuba, ta ɗaure shi a jikin benci da ɗankwalinta, 'yan aji suna rera wa yarinya waƙar bahaguwa. Ban ga laifin Anti sosai ba, ita ma yarinya ce, ba wanda ya taɓa koya mata abin da ɗalibin malanta ke ji tun shekararsa ta farko. Wanda ya ba ta ajin nake nema.

Na uku, na gode da bikin ƙarshen shekara. An sa wa Hafsatu doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu, an ɗauke ta hoto kamar ta gama jami'ar Kafin Hausa. Hoton ya yi kyau. Hannayenta biyu suna ɓoye a bayanta.

Roƙona kaɗan ne. Ka ɗauki malama mai horo ka ba ta ajin ƙanana, ko da gini zai jira. Ka tura Anti kwaleji, wataƙila ta zama malamar kirki. Ka kuma leƙa ajin nan ko sau ɗaya, akwai wani yaro a benci na baya da na ga yana karɓar alli da hagu.

Allah ya ƙara maka buɗi, ya ba ka jikoki masu albarka, ya haɗa su da malaman da suka san aikinsu.

Hafsatu yanzu ba ta riƙe fensir da hagu, kun yi nasara. Da dama ma ba ta riƙewa. Na ajiye mata gawayi a zaure tun damina, yana nan inda na ajiye shi.

Wassalam.

Kakan Hafsatu,
Yalwawa, Dutse.