Muryar Fadimata a Gonar Salisu

Matameye, ran Litinin

Zuwa ga ɗana Sa'adu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kanon da ta hana ka zuwa noma bana. Mu nan sai godiya, gero ya fid da kai.

Ƙanwarka Hanifa ta zo daga Damagaram da faya-fayan CD ɗin nan da gidan rediyo ya ɗauki tatsuniyoyin marigayiya Fadimata, mahaifiyarku. Tana so ta kwashe muryar kafin su lalace. Na ce to ta saka mu ji, ta ce ba haka ake yi ba. Wai cikin ordinatar, wato kwamfuta, akwai wani tsoho mai suna C, shi kaɗai ya iya magana da faifai. Ita kuwa da yaren Python take aiki, ba sa jin juna. Shi ne take gina masu tafinta. Ni dai ban gane ba. A zamaninmu, duk rigimar da ta tashi gaban kwamanda, ka bincika, tafinta ne.

Tafintan ya ce wasu faya-fayan sun mutu. Ta ware su cikin kwano, ranta a ɓace.

Ka gai da mutanen masaukinku.

Mahaifinka, Mahaman

Matameye, ran Asabar

Sa'adu,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya kasuwa?

Maƙwabcinmu Salisu ya zo neman abin korar tsuntsu, na ba shi na cikin kwanon, tunda an ce matattu ne. Ya rataye su a gonarsa ta hanyar Dawce. Bayan kwanaki Hanifa ta fito ta same ni: ashe ba su mutu ba. Tsohon nan C cewa yake a dakata, faifan na jinkirin amsawa, tafintan sai ya ce ya rasu. Yanzu laifin wa ke nan? Nawa, ko nata, ko na wanda ba shi da ko baki?

Mun je mun kwance su. Rana ta cinye su, ɗaya kaɗai ya yi magana. Na ji uwarku, har da tarin nan nata, tana labarin yarinyar da ta bi zabuwa cikin rijiya. Yarinyar na taka ƙasan rijiyar, muryar ta yanke.

Hanifa ba ta da wayo a lokacin. Ni kuwa da uwarku take yi maku tatsuniyar, ina ƙofar gida, ina ganin abin yara ne. Don Allah idan ka tuna, ka rubuto mini: yarinyar ta fito?

Mahaifinka, Mahaman