Akuyar Ladi Ta Haifi Biyu

Yaya Bitrus,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya aiki? Yaya Anti Rifkatu da yara? Mu nan Samaru lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Cikin awaki biyun da Inna ta bar mana, ta ƙanwarmu Ladi ta haifi biyu ranar Lahadi. Tawa kuwa ko ɗaya babu. Da na ga ta Ladi ta fara nauyi, sai na kasa haƙuri, na je Sabon Gari na sayo allurar da ke sa akuya neman bunsuru, aka yi wa tawa. Ashe tana da ƙaramin ciki! Likitan dabbobi ya ce akwai sinadarin da jikinta ke fitarwa don riƙe ciki, allurar ta tsayar da shi, cikin ya zube.

Yanzu kullum Ladi a bakin ƙofata take ɗaure su, wai nan ya fi inuwa. Na yi mata barka, amma Allah ya sani ba ta kai zuci ba.

Ka sa ni a addu'a, kishin nan ya sake ni. Gai da kowa. Kuma kada Ladi ta ji maganar allurar nan, don ce mata na yi akuyar juya ce.

Ƙanwarka,
Saratu