Masu Tsaron Gidana

Daren Laraba, unguwar Madain Fahd

Wallahi ban yafe ba. Na dawo daga makaranta na tarar Yaya Usama ya kwashe katunan masu tsaron gidana kaf ya ba abokinsa, ya karɓo mini kati ɗaya na wani mai cin ƙwallaye, wai gata ya yi mini!

Shi ne fa ya hana ni sakat tun da Baba ya ba ni gwangwanin katunan 'yan ƙwallon da ya tara yana yaro, irin na cikin cingam da yake saya a kasuwar Bab Makka. Kullum, "Ya Amal, mai tara kati ɓangare ɗaya yake kamawa, ko ƙungiya ko shekara." To, na kama. Masu tsaron gida nake so. Mutum yana tsaye shi kaɗai, kowa ya ba shi baya, ba a tunawa da shi sai ƙwallo ta shiga. Akwai wani mai koriyar riga da ke kallon gefe, sak jarumin littafin soyayyar da nake karantawa ranar da jirgi ya tafi da masoyiyarsa.

Da na yi wa Yaya Usama wannan bayani ina kuka, sai ya tuntsire da dariya. "Halas, shi ke nan ya Umma, 'yarki miji take nema a gwangwani!" Har Umma sai da ta murmusa.

Abokin nasa a saman benenmu yake. Ni da ko mai shago ba na iya kallo, gobe bayan la'asar zan buga ƙofarsu in nemi mahaifiyarsa ta sa ya dawo mini da katunana. Na gwada maganar a gaban madubi. Muryar 'yar ƙarama ce, amma ta fito.