Ni Na Lalata Idon Inna, Amma Matar Yayana Aka Kora

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aure a Rano, mahaifiyarmu Inna tana Nariya wajen yayana da matarsa. Ido ɗaya gare ta mai gani, ɗayan ya daɗe da mutuwa. Bara aka cire mata yanar ido aka saka mata ɗan gilashi a ciki, ta koma tana tsince shinkafa da kanta, tana gane jikokinta tun daga zaure.

Ranar da na je gaishe ta matar Yaya ta tafi suna maƙwabta. Akuya ta shiga shanyar kuɓewa, dama raina a ɓace na zo, na ɗauki guntun icce na wurga mata, daidai Inna ta fito daga ɗaki. A idon ya same ta. Ta durƙusa tana salati, ta ce, "Komai bibbiyu nake gani." Kun san me na ce wa matar da ta haife ni? Cewa na yi, "Inna ki bari ya huce, kada Yaya ya ji." Ta ce, "To, zan ce ƙyaure na buge." Na yafa gyalena na koma gida. Wace irin 'ya ce ni?

Sai da idon ya yi jawur, ciwon kai ya hana ta cin abinci, sannan Yaya ya kai ta Kano. Likita ya ce gilashin ya goce daga mazauninsa ya faɗa can cikin idon, sai an sake aiki a ciro shi a ɗinka wani. Ya ce da an zo da wuri da sauƙi, yanzu jijiyar ta taɓu. An yi aikin, mun yi ta addu'a, amma yau haske da duhu kawai take bambancewa.

A gabana Yaya ya ce wa matarsa, "Na bar miki uwata kin tafi yawon suna!" Ya kore ta, yanzu tana gidan iyayenta a Kahu da tsohon ciki, baiwar Allah da ko kallon banza ba ta taɓa yi wa Inna ba. Inna ta roƙe shi ya dawo da ita, ya ƙi. Da na ce zan faɗi gaskiya sai ta lalubo hannuna ta matse, ta ce, "Ku biyu gare ni, ba zan mutu kuna gaba ba. In kin faɗa ban yafe ba."

Idon dai ba zai dawo ba. In na yi magana na saɓa wa Inna, na rasa Yaya. In na yi shiru auren wata ya mutu a kaina. Jama'a, me zan yi?