Likitan da ke Bayan Ƙofa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman can? Ya Anti Hajara da yara? Mu a Gafasa sai godiya.

Ranar Talata jinin Inna ya hau, muka kai ta asibitin gwamnati. Tun hantsi muke kan benci, wai likita yana taro. Da na gaji, na buɗe manhajar likitocin kuɗi da ka sa mana a waya. Nan take aka amsa. Yaya, shi ne fa! Muryarsa har tana fitowa ta ƙofar da muke jira.

Inna ta ji sauƙi, amma raina bai kwanta ba. Wayar nan kawo mana likita ta yi, ko ɗauke shi?

Gaida kowa. A sa Inna a addu'a, da waɗanda muka baro kan bencin.

Ƙanwarka,
Rabi