Yarinya ta Talatin da Biyu

Coal Camp, Enugu
Alhamis

Zuwa ga uwargidana Tani,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kina lafiya, ke da yara huɗun da Allah ya ba mu amana, da Iya da ƙafarta. Ina aikin gona, ina haƙuri da rashina? Idan kin tambayi lafiyata, jiki dai ƙalau, zuciya ce take da magana.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya kamar sauran 'yan Adam. Waya ta dace da tambayar ko an ɗaure akuya, amma al'amari mai girman wanda ya same ni sai alƙalami da takarda. Gimba direban motar albasa zai miƙa miki idan ya iso Malumfashi.

Kin san matsayina a wannan ikilisiya: ni ne mai bishara na sashen Hausa. 'Yan'uwanmu Ibo su yi sujadarsu da safe, mu kuma mu shiga ƙarfe biyu, masu gadi da matan sojoji da 'yan keke daga Bauci da Filato da Kudancin Kaduna, mu arba'in idan ba a yi ruwa ba. Laraba nazarin Maganar Allah, Juma'a ziyarar marasa lafiya. Na ɗauka wannan ya ishi bawa ɗaya. Ashe ban karanci zuciyar shugabanni ba.

Jiya Rabaran Okwudili ya kira ni, ya dafa kafaɗata irin dafawar da ake yi wa rago kafin a kwantar da shi, ya shaida mini cewa jibi Asabar akwai babban taron yara na shekara a uwar majami'a da ke Ogui, kuma ni zan jagoranci 'yan Makarantar Lahadi, su talatin da ɗaya, a cikin bas. Wanda ya saba kai su, likita ya hana shi. Ban tambayi dalili ba, domin na ga yaran.

Mataimakiyata a wannan yaƙi ita ce Madam Obiageli, shugabar Zumuntar Mata, mace mai alheri ƙwarai, wadda tun da na zo garin nan ban taɓa ganin an gama jimla a gabanta ba. Idan lasifikar majami'a ta lalace, ita ake roƙo ta yi sanarwa.

Tani, na karanta labarin jarumawan da suka haye duwatsu da giwaye, da na sarakunan da suka ci garuruwa bakwai a damina ɗaya. Babu ɗaya cikinsu da aka ba yara talatin da ɗaya bayan an shayar da su lemon kwalba. Amma kada ki damu, na yi shiri irin na masana. Na rubuta sunayensu a rajista bisa jerin haruffa, zan tsaya a ƙofar mota in kira ɗaya bayan ɗaya. Mutum yakan manta, rajista kuwa ba ta mantuwa.

Ki gaishe da Iya, ki sa ni cikin addu'a.

Mijinki,
Filimon Auta

*

Ɗakin ajiyar rigunan mawaƙa
Asabar, bayan la'asar

Tani,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara da Iya, da fatan kowa lafiya. Ki yafe mini gajartar gaisuwa da karkacewar rubutu, a kan gwiwata nake yi.

Na tafi da yara talatin da ɗaya. Na dawo da talatin da biyu.

Ga yadda hikimata ta kashe ni. Da safe bas ta tsaya a bakin famfon layinmu, inda gidajen Ibo suke haɗe da na Hausawa. Madam ta riƙa zura wa kowane yaro riga ruwan ɗorawa mai hoton gicciye a ƙirji, ta kifa masa hular kwano, ta tura shi ciki. Ni kuma na kira sunaye, kowa ya amsa, na rufe rajista da alfahari. Sunaye na ƙirga, ban ƙirga kawuna ba. Sai da muka dawo ƙarfe uku ina sauke su na ƙirga kai, na sake, na kira mai sharar majami'a ya ƙirga. Madam da ta ji sai ta ɗaga hannu sama ta ce Ubangiji ya yi mana ƙari.

Na tsaya ina duba fuskoki har aka raba shinkafa. A nan ne wata 'yar ƙarama, ba ta wuce shekara biyar ba, wadda ta wuni tana zuba Ibo kamar a Nsukka aka yanke cibiyarta, ta jawo kwano gabanta ta yi bismilla. Na durƙusa na tambaye ta sunanta da Hausa. Ta ce Kamila. Sunan babanta fa? Ta ce Baba. Ashe bin ƙawarta Chinaza ta yi daga bakin famfo, Madam ta ɗauka 'yar ɗaya daga cikin matan sojojinmu ce, ta cire mata ɗankwali don hular ta zauna.

Ban daɗe ina neman sunan uban ba. Ana idar da la'asar lasifikar masallacin unguwa ta kawo mini shi har cikin ɗakin nan: ana cigiyar Kamila, 'yar Alhaji Gwadabe mai goro, ta ɓata tun safe. An maimaita sau uku, kuma a na ukun muryar mai sanarwar ta canza. Mai shara ya leƙa waje ya dawo ya ce samari sun cika bakin famfo, wasu da gorori, wata mai ƙosai ta ce ta ga an tura yarinyar cikin mota.

Ba sai na fassara miki ba. Kin san abin da kalmar ɓarawon yara take yi wa taro, kin san ba a sauraron rajista a irin wannan wuri. Ki ƙara a kan haka cewa 'yar Musulmi ce, a cikin coci, da gicciye a ƙirji, a hannun Bahaushen da wasu har gobe ba su yarda an haife shi Kirista ba. Ba kaina kaɗai nake ji wa ba. Akwai yara goma a harabar nan da iyayensu ba su zo ɗauka ba tukuna.

Rabaran yana wajen jana'iza a ƙauye, wayarsa ba ta shiga. Madam, Allah ya saka mata, ta kawo shawara uku. A sa hoton yarinyar a shafin ikilisiya don iyayenta su gani. Ko a kira 'yan sanda. Ko kuma matan zumunta su sa anko su raka ta gida da waƙa. Tani, yau na katse Madam Obiageli a tsakiyar magana, abin da tarihi zai rubuta. Na ce mata kowace ɗaya cikin ukun ta isa a yi kwana bakwai ana share toka. A wurinmu, wanda ya tsinci yaro shi yake kai shi gaban dattijon unguwa, da ƙafarsa, da hannunsa, da rana tsaka, ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi. Ta dube ni ta tambaya wa ya iya wannan durƙuson a cikinmu. Na waiga hagu da dama, ban ga kowa ba sai ni.

Mun samo ɗankwalin a jakar Madam mun ɗaura mata. Rigar ce ta ƙi cirewa, ta ciji mata biyu. Na yi tunanin lulluɓe ta da mayafi, sai na hango kaina ina tafe da yarinya a lulluɓe, na fasa.

Annabin da kifi ya haɗiye ya fi ni sa'a, shi ba a ce ya taka da ƙafarsa ya shiga ba. Zan bar wannan takarda a hannun mai shara. Idan ita ce ta ƙarshe, littattafaina na babban ɗanmu ne, kuma kada ki bari a hura wuta da ƙamus. Ban taɓa faɗa miki da baki ba, amma shekara goma sha shida ban yi nadamar kwana ɗaya ba.

Naki,
Filimon

*

Coal Camp
Litinin

Zuwa ga uwargidana Tani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da tambayar lafiyarki da ta yara da Iya, ina sanar da ke cewa mai wannan rubutu yana raye, da haƙoransa cif. Na karɓe takardar Asabar daga hannun mai shara, na so in yaga ta saboda layinta na ƙarshe, sai na ga gara ki karanta su tare.

Daga ƙofar majami'a zuwa shagon Alhaji Mijinyawa, dattijon da Hausawan layinmu suke kai wa ƙara, tafiyar minti biyar ce. Ni na yi ta cikin shekara arba'in. Kamila tana riƙe da yatsana da hannu ɗaya, ɗayan da balan-balan, tana ba ni labarin wani yaro da ya yi amai a mota. Ban sa hula ba don kada a ce na ɓoye fuska. Na bi tsakiyar hanya.

A kwanar mai shayi aka gan mu. Wani ya ce ga ta nan, sai na ji ƙafafu. Na sha karanta cewa mai tsoro yakan ga rayuwarsa duka ta gifta a idonsa. Ƙarya ce. Gora ɗaya kawai na gani, mai ƙarfe a kai, da hannun da yake riƙe da ita. Na tsaya cak, na yi sallama da iyakar muryata, na ce ni na tsince ta, wurin Alhaji Mijinyawa zan kai ta, duk mai so ya raka ni. Wani ya kama wuyan rigata ta baya. Wani ya miƙa hannu zai ɗauke yarinyar, ita kuwa ta ƙanƙame yatsana ta watsa masa zagi da Ibo. Ina ganin wannan zagin ne ya saya mini sauran tafiyar. Suka sa ni a tsakiya, babu mai magana sai ita.

Alhaji Mijinyawa yana zaune a kan buzu. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na gaishe shi yadda Baba ya koya mini, ya amsa duka bai tsallake ko ɗaya ba, taro yana huci a bayana. Sannan na faɗi komai, har da rajista da alfaharina. Ban ɗora wa Madam ba, domin ni aka ba amanar ƙofar mota.

Ina cikin magana uban ya iso a guje, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Alhaji Gwadabe babban mutum ne mai furfura, amma a gaban jama'a ya zube a ƙasa yana shafa kanta, yana juya hannuwanta, yana duba bayan kunnuwanta. Sai idonsa ya sauka a kan ƙirjin rigar. 

Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko an zuba mata ruwa a ka. Na ce ko ɗigo. Ya tambaya ko an canza mata suna. Na ce sai bayan ƙarfe uku ma na san sunanta. Ya tambayi abin da ta ci, na ce shinkafa da nama.

“Wa ya yanka?”

Ban sani ba. Na karanta littattafai sun fi ɗari uku, ban san wanda ya yanka naman da na ci da rana ba. Na buɗe baki in yi ƙarya, ta ƙi fitowa. Sai wanda yake riƙe da wuyan rigata ya yi gyaran murya. Ashe Badaru ne, mahaucin layinmu. Ya ce idan shinkafar cocin nan ce, shi ya yanka da hannunsa da asuba, matar nan mai babbar murya ta zo ta saye cinya biyu, ta kusa kurmantar da shi. Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi, amma na ji hannun ya saki rigata.

Alhaji Gwadabe ya ce wa 'yarsa ta ɗaga hannu. Yarinyar da ta ciji matan zumunta biyu ta ɗaga ba musu. Ya zare rigar a hankali, ya ninke ta gida huɗu a kan gwiwarsa kamar zai mayar kanti, ya miƙo mini.

“Wannan taku ce,” in ji shi. Ya saɓa yarinyar a kafaɗa. “Wannan tawa ce.”

Bai gode mini ba, bai zage ni ba, ya juya ya tafi da takalminsa ƙafa ɗaya. Alhaji Mijinyawa ya yanke cewa daga yau motarmu ba za ta ƙara lodi a bakin famfo ba, ya ce in gaya wa Rabaran ya zo su gaisa. Ya sa samari biyu su raka ni, cikin masu gororin. Sai da na shiga haraba na ga yaran nan goma a zaune lafiya ƙafafuna suka ajiye aiki, Madam ta ɗauke ni kamar buhun gari.

Jiya na yi wa'azi mafi gajarta tun da na fara aikin bishara, jama'a suka ce ban taɓa yin mai daɗinsa ba. Barci dai har yanzu sai a hankali. Ba gorar nake gani ba idan na rufe ido, hannun mutumin nan nake gani yana duba bayan kunnen 'yarsa. Awa takwas ya yi bai san inda take ba, kuma ni na rufe ƙofar motar.

Saboda haka ga roƙona. Da zarar kin gama karanta wannan, ki ajiye abin da kike yi, ki tara mini yaran nan a tsakar gida. Kada ki kira suna su amsa daga ɗaki. Ki dafa kan kowane ɗaya da hannunki, sannan ki kira ni a waya ki faɗa mini nawa ne.

Ki gaishe da Iya da kyau. Allah ya tsare mana ku.

Mijinki,
Filimon Auta